Kilement, Barnaba, Ignatiyus ko Polikap: wace wasiƙa za ka fara ɗauka bayan Sabon Alkawari?

Wani matashi da ke jan ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba a majami'armu ya tare ni a bakin ƙofa bayan an tashi sujada, waya a hannu. Ya sauko da tarin rubuce-rubucen Kiristocin farko daga intanet, sunaye huɗu kuma suka yi ta dawo masa: Kilement na Roma, Barnaba, Ignatiyus na Antakiya, da Polikap na Simirna. Ya ce, "Baba, mako shida kacal dattawa suka ba ni. Wanne zan ɗauka? In kuma wani ya tsare ni da tambaya ko Maganar Allah ce, me zan ce masa?" Na ba shi amsa a tsaye, rana tana dukanmu. Ga amsar a zaune.

Tambayarsa ta biyu ta fi sauƙi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan wasiƙu a cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari. Ɗan Katolika da ɗan Anglika da ɗan ECWA da ɗan Baptis, duk inda suka saɓa, a nan bakinsu ɗaya. Sai dai in ka faɗi haka ka ja bakinka ka rufe, wani ɗan aji mai yawan tone-tone zai dawo mako mai zuwa ya nuna maka cewa biyu daga cikinsu sun taɓa kwana cikin bango ɗaya da Linjila, kuma ba ƙarya zai yi ba. A kundin Sinaitikus, tsohon kwafin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4, wanda wani masani Bajamushe mai suna Tishandof ya ci karo da mafi yawansa a 1859 a gidan sufaye da ke gindin Dutsen Sina, da an gama Ru'ya ta Yohanna sai Wasiƙar Barnaba ta biyo, sannan wani littafin Kiristocin farko mai suna Makiyayin Harmas. A kundin Alekzandrinus na ƙarni na 5, wanda ya isa hannun Sarkin Ingila a 1627, wasiƙun Kilement biyu ne a bayan Ru'ya. Ignatiyus da Polikap kuwa ba su taɓa samun wannan mazauni ba.

To yaya aka yi suka fita? Ba a rana ɗaya aka zauna aka yanke ba. Wajen shekara ta 325, Yusibiyus na Kaisariya, wanda ya rubuta tarihin ikilisiya, ya kasa littattafan da ke yawo a hannun masu bi. Akwai waɗanda kowa ya amince da su. Akwai waɗanda ake gardama a kai amma yawancin ikilisiyoyi sun san su, kuma a wannan kason ya sa Yakubu, Yahuza, Bitrus ta biyu, da Yohanna ta biyu da ta uku, waɗanda yau muke karantawa ba tare da ko ɗar ba. Sai kaso na uku, waɗanda ya ce ba na asali ba ne, a nan Barnaba ta faɗa. Wasiƙar Kilement daban ya yi maganarta, ya yabe ta, ya ce an daɗe ana karanta ta a bainar jama'a a ikilisiyoyi da yawa har zuwa zamaninsa, amma bai lissafa ta cikin Sabon Alkawari ba. A 367 Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya aika wa ikilisiyoyin Masar wasiƙar Ista wadda ta jera littattafai 27 ɗin nan daidai yadda muke da su, majalisar Kartej ta 397 ma su ta ambata. Abin da ake dubawa shi ne ko littafin daga manzo ya fito ko daga na kusa da manzo, ko ikilisiyoyi na gabas da yamma suna karanta shi, da ko ya jitu da bangaskiyar da aka karɓa tun farko.

Mutum zai zaci biyun da suka taɓa shiga bango su ne suka fi aminci ga ɗan koyo. Rabin wannan zato gaskiya ne, ɗaya rabin kuma zai jefa ka rami.

Kilement

Wasiƙar ba ta ɗauke da sunan kowa. Ta buɗe ne da gaisuwar ikilisiyar Allah da ke baƙunci a Roma zuwa ga ikilisiyar Allah da ke baƙunci a Koranti. Waɗanda suka zo baya ne suka gaya mana Kilement ya riƙe alƙalamin, kuma Iraniyus, bishop na Liyon, wajen 180, ya ce Kilement ya ga manzanni ido da ido. Yawancin masana suna sa ta a 95 ko 96, wato shekara arba'in ke nan bayan Bulus ya rubuta wa waɗannan mutanen kan tsattsaguwa, ga shi hali bai sake ba. A wannan karon mutum ɗaya ko biyu ne suka zuga jama'a, aka tsige dattawan ikilisiya daga aiki alhali ba a kama su da laifi ba.

Duk wanda ya taɓa zama a taron majalisar ikilisiya inda aka ɗaga murya har aka buga tebur zai ji kamar shi ake wa magana. Kilement bai far wa masu laifin kai tsaye ba, zagaye ya yi irin na tsoho. Ya fara da kishi: Kayinu da Habila, Yusufu da 'yan'uwansa, Haruna da Maryamu, Saul da Dawuda. Sannan a sura ta 5 ya sauko kan "jarumawan zamaninmu", Bitrus da Bulus, ya ce kishi ne ya kai su ga wahala har mutuwa, ya ce an ɗaure Bulus sau bakwai, an jefe shi da duwatsu, ya kai har iyakar yamma. Wannan na cikin shaidu mafi tsufa da muke da su game da ƙarshen manzannin nan biyu, Ayyukan Manzanni ba ta kai can ba. A sura ta 47 kuma ya ce musu su ɗauko wasiƙar Bulus mai albarka su karanta, abin da ke nuna cewa Korantiyawa ta fari tana hannun mutanen Roma da na Koranti tun kafin ƙarni na farko ya ƙare.

A wajen koyarwa, abin da ya fi burge ni shi ne yadda Bulus da Yakubu suke cin tuwo a kwano ɗaya a bakinsa. Sura ta 32 ta ce ba ta wurin kanmu ko hikimarmu ko ibadarmu ko ayyukanmu aka baratar da mu ba, sai ta wurin bangaskiya. Sura ta 33 nan take ta tambaya, to sai mu naɗe hannu mu bar aikin alheri? Ta ce Allah ya kiyaye. Da ya zo kan Rahab cewa ya yi ta tsira saboda bangaskiya da karɓar baƙi. Gardamar da ta sa Martin Luta a 1522 ya kira wasiƙar Yakubu ta ciyawa, Kilement bai ma san akwai ta ba.

Surori na 42 zuwa 44 ne kowa ke ja zuwa gefensa. Ya ce Allah ya aiko Almasihu, Almasihu ya aiki manzanni, manzanni suka naɗa shugabanni a garuruwa, suka kuma bar umarni cewa in waɗannan sun mutu, waɗansu amintattu su gaje su. Katolika yana ganin gadon manzanci a nan, yana kuma ganin Roma tana tsawata wa wata ikilisiya da murya mai iko. Ɗan Furotesta zai nuna cewa Kilement yana musanya kalmar bishop da ta dattijo kamar abu ɗaya ne, yana maganarsu a jam'i, ya kuma ce da yardar dukan ikilisiya ake naɗa su. Dukansu suna da abin kamawa, malamin kirki zai ajiye duka biyun a gaban aji.

Sura ta 54 ita ce zuciyar wasiƙar a wurina. Ya tambaya, wane ne mai karamci a cikinku, wane ne mai ƙauna? To ya ce, in saboda ni ne ake wannan hargitsi, na janye, zan tafi duk inda kuke so, garken Almasihu dai ya zauna lafiya da dattawansa. Daga sura ta 59 zuwa 61 kuma akwai doguwar addu'a domin mayunwata, fursunoni, marasa lafiya, har da masu mulkin da ke tsananta musu. Za ka iya ɗaukarta yadda take ka yi ta a sujadar asuba.

Aibinta uku ne. Tana da tsawo, sura 65, ta fi Romawa yawa, tana kuma maimaici. Na biyu, sura ta 25: don ya tabbatar da tashin matattu sai ya kawo labarin wani tsuntsu a ƙasar Larabawa da ke shekara 500, in ya mutu tsutsa ta fito daga gawarsa ta zama sabon tsuntsu, ya ɗauki ƙasusuwan tsohon ya kai Heliyofolis a Masar. Da gaske ya ɗauke shi, kamar yadda masu ilimin zamaninsa da yawa suka ɗauka. Tun a ƙarni na 9 Fotiyus na Kustantiniya ya yi ƙorafi a kan wannan. Na uku ya fi nauyi: ko sau ɗaya wasiƙar ba ta gaya mana kukan waɗanda suka yi tawayen ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma gefen dattawa kaɗai muka ji. A hannun shugaban da ba ya son a tambaye shi lissafi, wasiƙar nan kulki ce. Sura ta 54 da ake karanta wa matasa, ai ta hau kan mai kujera ma.

Duk da haka mutanen Koranti sun karɓe ta. Wajen 170 bishop ɗinsu Diyonisiyus ya rubuta wa Roma cewa har lokacin suna karanta ta ranar Ubangiji. Wadda ake kira Kilement ta biyu kuwa ba wasiƙa ba ce, wa'azi ne, kuma ba shi ya rubuta ba, don haka ajiye ta gefe.

Barnaba

Kafin komai, a raba gari da tsakuwa. A nan arewa in ka ce Barnaba, abin da yawancin mutane za su tuna shi ne Linjilar Barnaba da ake kawowa a muhawara tsakanin Musulmi da Kirista. Kama da wane ba ta wane. Waccan littafi ne mai sura 222, tsofaffin kwafinta da aka sani da Italiyanci da Sifaniyanci suke, ba su wuce ƙarshen ƙarni na 16 zuwa na 17 ba, aka fassara ta da Turanci a 1907, kuma tana musun gicciye. Wasiƙar Barnaba da Helenanci take, sura 21, ta girme ta da fiye da shekara dubu, tana kiran Yesu Ɗan Allah, gicciye kuma shi ne abin da take gani a kowane lungu na Tsohon Alkawari. In ka ji an ce an samu Barnaba a cikin kundin Sinaitikus, wasiƙar ake nufi.

Ita ma ba ta da suna a jikinta. Kilement na Iskandariya, wanda daban yake da na Roma, shi ya jingina ta ga Barnaba abokin tafiyar Bulus, Orijen, wani babban malamin Iskandariya, shi ma ya ɗauke ta da daraja. Amma sura ta 16 tana maganar rushe Haikali a matsayin abin da ya riga ya faru, wato bayan shekara ta 70 aka rubuta ta, masana kuma ba sa kai ta gaba da 135. Ga wani abu kuma: Ayyukan Manzanni 4:36 ta ce Barnaba Balawi ne, Galatiyawa 2:13 ta nuna shi yana janyewa daga cin abinci da al'ummai a Antakiya don ganin idon Yahudawa. Ka riƙe wannan mutumin a ranka, sannan ka ji abin da wasiƙar ke koyarwa.

Tana cewa Isra'ila ta rasa alkawarin tun ranar da Musa ya fasa allunan, ba ta kuma sake samunsa ba. Tana cewa hadayu da azumi da Asabar da dokokin abinci, tun farko Allah bai nufa a bi su a zahiri ba, Yahudawa ne suka yi musu gurguwar fahimta. Game da kaciya har ta ce wani mugun mala'ika ne ya ruɗe su. Wane Balawi ne zai faɗi haka? Bulus da ya fi kowa yaƙi da tilasta wa al'ummai kaciya ya ce a Romawa 4:11 hatimin adalcin Ibrahim ce, a 7:12 ya ce Shari'a tsattsarka ce, a 11:1 ya tambaya ko Allah ya ƙi jama'arsa, ya amsa da a'a. Ibraniyawa ta ce tsohon tsari inuwa ne na abin da ke zuwa, amma ba ta ce kuskure ba ne. Barnaba ta tsallake wannan iyaka, kuma a ganina ko ba don komai ba, wannan ya isa ya hana ta zama cikin 27.

Salon fassararta ma sai an yi hattara. A sura ta 9 ta ɗauko mutum 318 na gidan Ibrahim ta yi musu lissafi irin na abajada: a Helenanci harufa biyu na farkon sunan Yesu sun ba da 18, harafin da ke da siffar gicciye ya ba da 300. Marubucin ya ji daɗin wannan har ya ce bai taɓa koya wa kowa magana mafi inganci ba. Sai dai da Ibrananci aka rubuta Farawa, lissafin kuwa ba ya fita sai da Helenanci. A sura ta 10 ta ce "kada ka ci alade" yana nufin kada ka yi cuɗanya da masu halin alade, wanda in ya ƙoshi bai san ubangijinsa ba, in yunwa ta kama shi ya yi ta kuka, da ya samu kuma ya yi tsit. Wannan kam wa'azi ne mai shiga jiki, na taɓa aronsa. Amma sai ta zarce ta ce an hana cin kura don kura tana sauya jinsi kowace shekara, bana namiji baɗi tamace. Ranar da na karanta wannan a wani aji, wani tsohon maharbi da ke zaune a bayan benci ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, ta macen ce dai take kama da namiji in ka hango ta, shi ke nan. Wannan bai taɓa bin sawun kura ba." Ya fi marubucin gaskiya. Ka kuma buɗe Littafin Firistoci 11 da Maimaitawar Shari'a 14, ba za ka ga sunan kura ba.

Tana da nata amfani. Surori na 18 zuwa 20, Hanyar Haske da Hanyar Duhu, gargaɗi ne tsantsa: kada ka zub da ciki, kada ka zama mai miƙa hannu wajen karɓa mai naɗewa wajen bayarwa, kada ka je addu'a da mugun lamiri. Sura ta 15 tana shaida cewa masu bi suna murnar "rana ta takwas", ranar da Yesu ya tashi. A 4:14 ta kawo "da yawa aka kira, kaɗan aka zaɓa" da gabatarwar "kamar yadda yake a rubuce", kalmomin da ke Matiyu 22:14. Ga ɗalibin makarantar tauhidi, taska ce. Ga ajin Laraba inda akwai sababbin tuba, ban ba da shawara ba.

Ignatiyus

Nan jini ke gudu. Bishop ne na Antakiya ta Suriya, aka yanke masa hukuncin jefa wa namun daji a Roma, bisa ga Yusibiyus a zamanin Sarki Tarajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117. Sojoji goma suka tasa shi gaba, ya kira su damisa goma, ya ce in ka kyautata musu sai su ƙara mugunta. A hanya ya rubuta wasiƙu bakwai: daga Simirna zuwa Afisa, Magnisiya, Tarallis da Roma, daga Taruwasa kuma zuwa Filadalfiya, Simirna, da Polikap shi kansa. Gajeru ne, a zama biyu za ka gama su.

Shi da bakinsa ya warware maganar matsayinsa. Ya gaya wa mutanen Roma cewa ba ya umartarsu kamar Bitrus da Bulus, su manzanni ne, shi kuwa wanda aka yanke wa hukunci ne. A kan Almasihu kuwa babu wanda ya kai shi kaifi cikin huɗun nan. Yana kiransa "Allahnmu" ba kwana-kwana, yana kuma fafatawa da masu cewa jikin Yesu gizo ne kawai, bai sha azaba da gaske ba. A wasiƙar Tarallis ya yi ta dukan kalma ɗaya kamar mai sussuka: da gaske aka haife shi, ya ci ya sha, da gaske aka tsananta masa a zamanin Bilatus, da gaske aka gicciye shi ya mutu, da gaske aka tashe shi. A wurinsa aka fara ganin kalmar "ikilisiya katolika" a rubuce, da ma'anar ikilisiya ta ko'ina. Jibin Ubangiji kuma ya kira shi maganin rashin mutuwa.

Wurare biyu ne za su ta da ƙura a aji. Na farko bishop. Inda Kilement ke maganar dattawa a jam'i, Ignatiyus ya san bishop ɗaya a gari, dattawa a ƙarƙashinsa, sannan dikinoni, ya kuma ce kada a yi baftisma ko wani abin ikilisiya ba da sanin bishop ba, aure ma da yardarsa. Ɗan Anglika zai gyaɗa kai, ɗan Baptis zai gyara zama. Ka dai tuna musu cewa bishop ɗin da yake nufi na gari ɗaya ne, irin Polikap, wanda Ignatiyus ya ce wa ya nemi kowa da sunansa, kada ya raina bayi, ya kula da gwauraye. Ya fi kama da fasto mai kiwon garke ɗaya.

Na biyu, ɗokinsa na mutuwa. Ya roƙi masu bi na Roma kada su nema masa sassauci. Ya ce shi alkamar Allah ne, haƙoran namun daji za su niƙa shi ya zama tsattsarkar gurasa, in ma namun sun ƙi zai lallashe su. A ikilisiyoyinmu akwai waɗanda suka binne nasu, akwai waɗanda suka gudu da dare suka bar gona da rumbu. Ba a karanta wa irin waɗannan mutane wasiƙar Roma a tashi haka nan, wani zai koma gida yana jin gudunsa rashin bangaskiya ne. Sai ka haɗa ta da Matiyu 10:23, ka kuma haɗa da labarin shahadar Polikap, inda ikilisiyar Simirna ta ba da labarin wani Kwintus da ya miƙa kansa da kansa, da ya ga namun daji ya karaya ya yi musu, suka ce ba sa yabon masu miƙa kansu. Polikap ma sai da ya fake a wata gona kafin a kama shi.

Polikap

Ba za ka same shi da sabon tunani ba, shi ma bai yi da'awa ba. Ya ce wa Filibiyawa shi ko wani irinsa ba zai iya bin sawun hikimar Bulus ba. Wasiƙar sura 14 ce gajeru, kusan duk saƙa ce ta ayoyi: Bitrus ta fari, Yohanna ta fari, Timoti, Afisawa, koyarwar kan dutse. Ka ba aji aikin gano inda kowace magana ta fito, za su ga da idonsu yadda wasiƙun manzanni suka riga suka zama abin dogaro a farkon ƙarni na 2. Iraniyus, wanda ya ga Polikap yana yaro, ya ce a wurin Yohanna ya yi karatu, Jerom, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, kuma ya ce har zamaninsa ana karanta wasiƙar a taron masu bi na Asiya. An ƙone shi a Simirna wajen 155, bayan ya ce shekara 86 yana bauta wa Almasihu bai taɓa cutarsa ba.

Sura ta 11 kaɗai ta isa dalilin karanta ta. Wani dattijon ikilisiyar Filibi mai suna Balens da matarsa sun faɗi ta wajen kuɗi. Polikap bai rufa-rufa ba, ya ce wanda bai iya mallakar kansa a nan ba, yaya zai gargaɗi wani? Amma ya ce kada su ɗauke su abokan gaba, su komo da su kamar gaɓoɓi masu ciwo da suka bauɗe. Duk ikilisiyar da ta taɓa ƙirga baiko ta ga ya yi ƙasa ta san wuyar riƙe waɗannan biyun tare. Abin lura kuma, abokin Ignatiyus ne, shi ya tattara wasiƙunsa ya aika wa Filibi, amma da ya zo maganar biyayya dattawa da dikinoni ya ambata, bai ambaci bishop a Filibi ba.

Abin da na ce wa matashin

In ɗaya tal za ka ɗauka, Kilement. Ita ce mafi tsufa da za a iya sa wa lokaci da ƙarfin zuciya, ita ikilisiyoyi suka fi daɗewa suna karantawa a sujada, koyarwarta ba ta kauce wa manzanni ba, matsalar da take magani kuma tana nan a kowace gunduma. Da yake mako shida gare shi, na ce ya buɗe da Polikap a zama ɗaya don aji ya saba da muryar zamanin, ya ba Kilement mako huɗu yana tsallake maimaicin, ya rufe da wasiƙun Ignatiyus zuwa Tarallis da Simirna. In ajin na masu shirin aikin bishara ne da ke fuskantar tambayoyi kan ko Kiristocin farko sun gaskata da gicciye da allahntakar Almasihu, sai a juya, Ignatiyus ya ci rabin lokacin. Barnaba ya karanta ta shi kaɗai a gida, don ranar da aka kawo masa zancen ɗaya Barnaban ya san bambancin. A kowane zama kuma a fara da Nassi, wasiƙar ta biyo a matsayin shaidar wani dattijo da ya riga mu, wanda ake iya ce wa "a nan kam ba mu yarda ba".

Ya kuma duba wane kwafi ya sauko da shi. A ƙarni na 4 wani ya kumbura wasiƙun Ignatiyus bakwai da nasa kalmomi, ya ƙara waɗansu na jabu, wannan ne Turai ta sani har Kalbin, ɗaya daga jagororin Furotesta, ya yi watsi da su gaba ɗaya. Sai a 1644 da 1646 masana biyu, Asha da Bos, suka fito da na asalin, wani masanin Ingila mai suna Laitfut ya ƙara tabbatar da su a 1885. Tsohuwar fassarar Turanci da ta fi yawo a intanet tana jera gajeren nassi da dogon tare, sura bayan sura. Ni kaina na taɓa shirya darasi sukutum daga dogon, don na ga ya fi ayoyi da yawa, sai da na tsaya gaban aji wani ɗalibi ya ce maganar da nake karantowa babu ita a nasa littafin. Da matashin ya miƙo mini wayar na latsa, nasa ma mai haɗe da dogon ne, har da wasiƙar da aka ce Ignatiyus ya rubuta wa Maryamu uwar Yesu. Na ce ya goge, ya nemi fassarar Laitfut ta 1891, ya ƙirga ya ga bakwai.